Cr-48: Kwamfutar da Google Ya Raba Kyauta Domin Gwada Wani Zato

A ranar 7 ga Disamba, 2010, a wani taro da aka yi a birnin San Francisco na ƙasar Amurka, kamfanin Google ya fito da wata kwamfutar tafi-da-gidanka baƙa wuluk, wadda ba ta ɗauke da tambarin kowane kamfani a jikinta, ya kuma sanar da cewa ba ta sayarwa ba ce. Sunanta Cr-48, kuma an ƙera ta ne domin a raba wa waɗanda suka yarda su yi ayyukansu na yau da kullum da ita, su riƙa aika wa kamfanin rahoton duk wata tangarɗa da suka ci karo da ita. Rahotannin lokacin sun ce kimanin guda 60,000 aka ƙera, kuma kamfanin Inventec na Taiwan ne ya yi aikin ƙirar. Mazauna Amurka kaɗai aka ba damar nema, sannan aka tura wasu ga manyan ma'aikatu irin su American Airlines da Kraft da Logitech domin ma'aikatansu su gwada. Zuwa watan Maris na 2011 an raba su duka.

Abin da ya bambanta wannan kwamfuta da sauran shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wato Chrome OS. Idan mutum ya kunna ta, ya shigar da adireshinsa na Gmail da kalmar sirrinsa, burauzar Chrome ce za ta cika masa fuskar kwamfutar daga wannan gefe zuwa wancan, kuma babu abin da ke bayanta. Babu inda za a ajiye gumakan manhajoji, babu manhajar rubutu da za a girka daga faifai, babu riga-kafin ƙwayoyin cutar kwamfuta da za a saya. Wasiƙa, takardun aiki, hotuna da lissafi, duk ana so su zauna a manyan kwamfutocin kamfanonin intanet, ita kuwa wadda ke kan cinyar mutum ta zama ƙofar shiga kawai.

Na daɗe ina ganin cewa yawancin abin da aka rubuta a kan wannan gwaji a lokacinsa ya tsaya ne a kan abin da bai fi muhimmanci ba. Masu sharhi sun auna Cr-48 da ma'aunin da suke auna kowace sabuwar kwamfuta, wato saurinta da kyawun fuskarta da daɗin taɓa maɓallanta, alhali kuwa Google wani zato ya ɗora a kan sikeli: cewa intanet ya wadata har mutum zai iya dogaro da shi a kowace sa'a, kuma cewa mutane sun shirya rabuwa da fayil ɗin da ke zaune a cikin na'urarsu. Gwajin ya nuna cewa wannan zato bai cika ba. Amma ya nuna wani abu dabam da ba a cika kula da shi ba, wanda shi ne ya raya tsarin har zuwa yau.

Tunanin kansa ba sabo ba ne. A tsakiyar shekarun 1990, Larry Ellison na kamfanin Oracle ya yi ta tallata kwamfuta mai arha wadda ba ta ajiye komai a cikinta, sai dai ta ɗebo manhaja da bayanai daga wata babbar kwamfuta ta hanyar sadarwa, kuma kamfanin Sun Microsystems ya fitar da irin tasa mai suna JavaStation a 1996. Dukansu ba su yi kasuwa ba, domin layukan sadarwa na wancan zamani sun yi rauni, farashin kwamfutocin Windows kuma yana ta sauka. Eric Schmidt, wanda ke shugabantar Google a 2010, yana cikin manyan jami'an Sun lokacin da aka yi wancan yunƙuri, kuma a taron na San Francisco ya tuna wa mahalarta da shi, yana mai nuna cewa abin da ya gagara a da ya zama mai yiwuwa saboda hanyoyin sadarwa da burauza sun ƙarfafa.

Google ya saki burauzar Chrome a watan Satumba na 2008, ya sanar da shirin Chrome OS a ranar 7 ga Yuli, 2009, a daidai lokacin da ƙananan kwamfutocin nan masu arha irin su Eee PC na kamfanin Asus ke tashe. A ranar 19 ga Nuwamba ta wannan shekara Sundar Pichai, wanda a lokacin shi ke kula da sashen Chrome kuma daga baya ya zama shugaban kamfanin baki ɗaya a 2015, ya nuna tsarin yana tashi cikin kimanin daƙiƙa bakwai. A ranar ce kuma aka saki tushen rubutun manhajar ga kowa da kowa da sunan Chromium OS. An gina ta a kan Linux, babbar manhajar da tushenta ke buɗe ga kowa. Da farko an jingina da Ubuntu, wani nau'in Linux, sannan a farkon 2010 aka koma amfani da kayan haɗa manhaja na wani nau'in mai suna Gentoo.

Sakin tushen ya sa gwajin farko na haƙiƙa ya riga Cr-48 da shekara guda, kuma ba a hannun Google ya gudana ba. Wani matashi ɗan Ingila da ake kira Hexxeh a intanet ya riƙa harhaɗa tushen yana fitar da kwafin da za a iya zubawa a filasha a tayar da kowace kwamfuta da shi, ba tare da an taɓa Windows ɗin da ke cikinta ba. Kwafin da ya fi shahara shi ne wanda ya sa wa suna Flow, wanda ya fito a watan Fabrairu na 2010. Ta wannan hanya ce irina, da ba mu cikin waɗanda za a aika wa Cr-48, muka fara ganin tsarin da idonmu. Na zuba shi a filasha na tayar da wata ƙaramar kwamfuta da nake da ita, ya kuwa tashi da saurin da ban saba gani ba, sai dai ya tsaya a ƙofa yana neman intanet kafin ya karɓi asusuna. A lokacin, hanyar da yawancinmu ke shiga intanet ita ce modem ɗin nan mai kama da filasha da ake saka wa layin waya, kuma nawa yana aiki ne da wata manhaja tasa da aka rubuta don Windows kaɗai. Sai da na je inda ake da Wi-Fi sannan na wuce ƙofar. A shekarar ce manyan wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 suka fara aiki a Legas, amma tasirinsu bai kai ga mai zaune a cikin ƙasa ba tukuna. Wannan ɗan gwaji ya sa tun da wuri na karanta rahotannin masu Cr-48 da wani ido dabam, domin matsalar da su ke haɗuwa da ita a cikin jirgin sama ko a ƙauyen da babu sabis, ita ce halin da muke ciki kullum.

Ita Cr-48 ɗin, kayan cikinta na ƙananan kwamfutocin zamanin ne: ƙwaƙwalwar Intel Atom N455 mai gudun gigahaz 1.66, ma'ajiyar aiki ta gigabait 2, da ma'ajiyar dindindin ta gigabait 16 irin wadda ba ta da faifai mai juyawa. Faɗin fuskarta inci 12.1 ne, nauyinta bai kai kilo biyu ba, kuma kamfanin ya ce batirinta na ɗaukar awa takwas ana aiki. Kafar USB ɗaya tak gare ta, da kafar haɗa majigi ta VGA, da ramin katin SD. An lulluɓe jikinta da wani abu mai laushi kamar roba, wanda mutane da yawa suka yaba. Ban da Wi-Fi, tana da modem na 3G a ciki wanda ke aiki da layin kamfanin Verizon, tare da kyautar data megabait 100 kowane wata har tsawon shekara biyu. Wanda ya cinye nasa yana iya sayen na yini guda a kan dala 9.99.

Allon maɓallanta ya jawo surutu fiye da yadda ya kamata. An cire maɓallin Caps Lock an sa na bincike a gurbinsa, an kuma kawar da jerin F1 zuwa F12 an maye su da maɓallan komawa baya, zuwa gaba, sake loda shafi, cika fuska, haske da ƙarar sauti. Jaridu sun yi ta barkwanci a kan cewa Google na son hana mutane yin ihu da manyan baƙaƙe a intanet, ko da yake ana iya mayar da maɓallin zuwa aikinsa na da a cikin saituna. Wannan tsari na maɓallai yana nan a kwamfutocin Chromebook, wato masu Chrome OS da aka fito da su kasuwa daga baya, har yanzu da ɗan gyare-gyare, wanda ke nuna cewa ƙorafin bai yi nisa ba.

Ƙorafi biyu ne suka mamaye sharhin makonnin farko. Na ɗaya shi ne farantin da ake shafawa da yatsa a madadin linzami, wanda aka yi shi babba ba tare da maɓallai na daban ba. Kibiya takan yi tsalle, danna da yatsu biyu yakan ƙi kamawa, jan abu daga wuri zuwa wuri kuwa sai an yi haƙuri. Na biyu shi ne Flash, manhajar kamfanin Adobe wadda a wancan lokaci kusan duk bidiyon intanet ke dogara da ita. A kan wannan ƙaramar ƙwaƙwalwa bidiyo yakan riƙa sarƙewa, musamman idan an buɗe shi ya cika fuska, kuma Adobe da kansa ya amsa cewa aikin bai kammala ba. Waɗannan ƙorafe-ƙorafe gaskiya ne, amma irin waɗanda lokaci ke warkarwa ne. An inganta farantin ta hanyar sabunta manhaja, ƙwaƙwalwar kwamfutoci ta ƙara ƙarfi, shi kuwa Flash an daina shi gaba ɗaya a ƙarshen 2020.

Matsalolin da suka taɓa tushen tunanin sun fi waɗannan nauyi, kuma na farkonsu shi ne abin da ke faruwa idan intanet ya yanke. A watan Disamba na 2010, amsar ita ce kusan babu abin da mutum zai iya yi. Abin mamakin shi ne Google ya riga ya mallaki wata fasaha mai suna Gears tun 2007, wadda ke ba Gmail da Google Docs damar aiki ba tare da intanet ba, amma ya yanke shawarar barinta domin ya koma ga sababbin ƙa'idojin gina shafukan intanet na HTML5, waɗanda kuma ba su gama nuna ba. Sai gwajin ya faɗo a tsakanin rushe tsohon gini da kammala sabo. A taron San Francisco an yi alkawarin cewa Google Docs zai dawo da aiki ba tare da intanet ba, amma sai ƙarshen watan Agusta na 2011 Gmail ya samu wannan dama a Chrome, Docs kuwa ya fara da karatu kawai, gyaran rubutu bai zo ba sai 2012. Modem ɗin 3G shi ne aka sa ya toshe wannan gibi, amma idan aka raba megabait 100 a kan kwana talatin, abin da zai faɗo wa kowace rana bai wuce megabait uku da ɗoriya ba. Wannan ya ishi duba wasiƙa, amma bai ishi kwamfutar da ke ɗebo komai nata daga waje ba.

Matsala ta biyu ita ce fayil. Masu tsara Chrome OS sun ɗauka cewa fayil wani nauyi ne da mutane za su yi murnar saukewa, don haka ba su tanadi cikakken wurin duba fayiloli ba. Amma rayuwar mai kwamfuta cike take da fayilolin da ba shi ya zaɓi su zo masa a haka ba: hotunan da ke cikin katin kyamara, takardar da abokin aiki ya miƙo a filasha, tarin takardu da aka dunƙule aka aiko ta imel, waƙoƙin da aka tara shekara da shekaru. Wanda ya soka filasha a Cr-48 a makonnin farko bai samu wata hanya mai sauƙi ta ganin abin da ke ciki ba. Ɗora hoto daga kyamara zuwa intanet, wanda shi ne aikin da ya kamata kwamfutar intanet ta fi kowa iyawa, ya zama abin da sai an yi dabara. Google Drive, wanda zai zama gidan waɗannan fayiloli, bai fito ba sai watan Afrilu na 2012. Buga takarda ma haka: ba a haɗa firinta da kebul, sai dai a bi ta wata hidima mai suna Google Cloud Print, wadda a farkonta take buƙatar wata kwamfutar Windows a kunne, haɗe da firintar, domin ta karɓi aikin daga intanet ta miƙa. Wato kwamfutar da aka ce za ta maye gurbin Windows tana buƙatar Windows kafin ta buga shafi guda. Skype bai aiki a kanta, Netflix ma sai a watan Agusta na 2011 ya fara.

Duk da haka, akwai wani ɓangare na gwajin da ya yi nasara tun ranar farko, kuma dalilin da ya sa ba a yi ta maganarsa ba shi ne cewa idan yana aiki ba a ganinsa. Ina nufin yadda aka gina tsaron tsarin da sabunta shi. A cikin kowace Cr-48 akwai wani ɗan guntun umarni da aka rubuta a wurin da ba a iya sauyawa. Idan aka kunna kwamfutar, wannan guntu ne ke fara tashi, ya duba sa hannun sirri da ke kan kashi na gaba kafin ya miƙa masa ragama. Shi ma wannan ya duba zuciyar Linux, wato ainihin ɓangaren da ke sarrafa na'urar, kafin ya tayar da ita. Ita kuma zuciyar tana tantance kowane yanki na manhajar tsarin a daidai lokacin da ake karanto shi daga ma'ajiya. Idan wani abu ya sauya ba bisa ƙa'ida ba, ko ta hanyar ƙwayar cuta ko ta lalacewa, kwamfutar ba za ta ci gaba a haka ba, za ta nemi a mayar da ita yadda take daga kwafi mai tsabta. Fasahar tantance yankunan ma'ajiya da aka ƙirƙira domin wannan aiki, mai suna dm-verity, ta shiga cikin Linux na kowa da kowa a 2012, daga baya kuma Android ya ɗauke ta, ta yadda wayoyin da ke aljihun miliyoyin mutane a yau suna amfana da abin da aka fara gwadawa a wannan baƙar kwamfuta.

Sabuntawa ma an yi mata dabara mai kyau. Ma'ajiyar tana ɗauke da kwafi biyu na tsarin. Mutum yana aiki a kan ɗaya, sabon zubi yana sauka a kan ɗayan a ɓoye ba tare da an tambaye shi komai ba, kuma da zarar ya sake kunna kwamfutar sai ta tashi da sabon. Idan sabon ya ƙi tashi, ta koma tsohon. Wanda ya taɓa zama yana kallon kwamfuta tana girka sabuntawa alhali yana sauri ya san darajar wannan. Bayanan kowane mai asusu kuma a kulle suke da mabuɗin sirri, ta yadda mutum biyu za su yi amfani da kwamfuta ɗaya ba tare da ɗaya ya ga kayan ɗaya ba, sannan akwai shigar baƙo wadda ke share duk sawun mutum da zarar ya fita. Ga masu son kutsawa ciki kuwa, an ɓoye wani ɗan makunni a ramin batir, ƙarƙashin wata 'yar sitika, wanda ke kashe tantancewar ya buɗe tsarin. Juya shi yana goge bayanan da ke ciki, kuma kwamfutar takan nuna gargaɗi a duk lokacin da aka kunna ta, domin kada a yi wa wani wannan aiki a bayan idonsa. Da yawa daga cikin masu gwajin sun juya makunnin sun girka Ubuntu, kuma shafin aikin Chromium da kansa ya wallafa yadda ake yi.

Sakamakon duk wannan shi ne kwamfuta ta zama abin da ba a jin zafin rasa shi. Google ya fitar da wani bidiyo a lokacin inda aka lalata Cr-48 guda 25 ta hanyoyi daban-daban, kuma a kowane karo mai aikin yakan ɗauki wata, ya shigar da asusunsa, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wannan shi ne alkawarin da tsarin ya cika ba tare da ragi ba. Amma yana da farashi, kuma Richard Stallman, wanda ya kafa gidauniyar Free Software Foundation, ya faɗe shi a jaridar Guardian mako guda bayan taron. A ganinsa tsarin na tura mutane ga sakaci da bayanansu, domin abin da ke ajiye a kwamfutar wani kamfani ba ya ƙarƙashin ikon mai shi, kuma a dokar Amurka hukuma na iya samunsa da sauƙi fiye da wanda ke cikin gidan mutum. Ina ganin yana da gaskiya a kan wannan, kuma shekarun da suka biyo baya ba su ƙaryata shi ba. Wanda ya zuba hatsinsa a rumbun wani ya huta da fargabar gobara da ɓera, amma ranar da mai rumbu ya rufe ƙofa, ko ya sauya sharaɗi, ba shi da ta cewa. Asusu guda da aka dakatar yana iya raba mutum da wasiƙunsa da takardunsa da hotunansa a lokaci ɗaya. Inda Stallman bai yi tasiri ba shi ne a kan halin mutane, domin mafi yawansu sun zaɓi sauƙin, kuma sun yi hakan ne a wayoyinsu tun kafin su yi a kwamfuta.

Wani hasashen da ya yi tashe a watan Disamba na 2010 shi ne na Paul Buchheit, wanda ya ƙirƙiri Gmail kafin ya bar kamfanin, inda ya ce za a kashe Chrome OS a 2011 ko kuma a haɗe shi da Android. Yana da dalilinsa: iPad ya fito a watan Afrilu na 2010, kasuwar ƙananan kwamfutoci ta fara dusashewa, Android kuma yana bunƙasa. Fitowar kwamfutocin sayarwa na farko ba ta rage wannan shakku ba. A taron Google I/O na watan Mayu, 2011, aka sanar da sunan Chromebook tare da samfuri biyu, Series 5 na Samsung a kan dala 429, ko 499 mai 3G, da na Acer a kan dala 349. Da irin wannan kuɗi mutum na iya sayen kwamfutar Windows da ke buɗe Chrome ɗin nan ta kuma yi wasu ayyuka, don haka cinikin farko bai taka kara ya karya ba. Sai a watan Oktoba na 2012, da Samsung ya fitar da samfurin dala 249, farashin ya dace da abin da ake sayarwa.

A tsakanin nan tsarin ya riƙa ja da baya daga tsattsauran matsayinsa na farko, kuma kowane taku amsa ce ga wani ƙorafi na masu gwajin. A 2011 aka ƙara wurin duba fayiloli da manhajar kunna sauti da bidiyo. A 2012 aka kawo tagogi masu hawa kan juna, da hoton bango, da jerin gumaka a ƙasan fuska, wato dai kamannin kwamfutar da aka ce an baro. A 2016 manhajojin Android suka fara aiki a kai, a 2018 kuma aka ba da damar girka manhajojin Linux. Google Cloud Print an rufe shi a ƙarshen 2020, bayan tsarin ya koyi magana da firinta kai tsaye. Wanda ya riƙe Chromebook na yau ya kwatanta da Cr-48 zai ga cewa maganar burauza kaɗai ta daɗe da faɗuwa, amma tantance tashi, da kwafi biyu, da sabuntawa a ɓoye, suna nan yadda aka tsara su.

A nan ne nake ganin gwajin ya tambayi mutanen da ba su ne za su sayi kayan ba. Waɗanda suka cika takardar neman Cr-48 yawancinsu masu sha'awar fasaha ne, marubutan manhaja da 'yan jarida, mutanen da ke da kwamfuta mai ƙarfi a gida, waɗanda kowane rashi ke yi musu ciwo. Wanda tsarin ya dace da shi kuwa shi ne jami'in da aka ɗora wa kula da kwamfutoci dubu a makarantun wata gunduma, ba shi da isassun ma'aikata, kuma yara na fasa fuska suna zubar da ruwa a kan maɓallai. A wurinsa, rashin iya girka manhaja alheri ne, domin yaro ba zai girka abin da zai lalata na'urar ba. Tashi cikin daƙiƙu yana nufin darasi ba zai tafi a jira ba. Kwamfutar da ta lalace kuwa sai a miƙa wa ɗalibi wata ya shiga asusunsa. Google ya hango wannan tun a 2011, lokacin da ya fito da tsarin biyan dala 20 a wata kan kowace kwamfuta ga makarantu da dala 28 ga kamfanoni, tare da shafi guda da jami'i zai iya sarrafa dukkan na'urorin daga ofishinsa. A farkon 2012 gundumomin makarantu uku a jihohin Iowa da Illinois da South Carolina suka ɗauki kimanin guda 27,000. Zuwa 2016 fiye da rabin na'urorin da ake kai wa makarantun firamare da sakandare na Amurka Chromebook ne, kuma a 2020, shekarar da annobar korona ta mayar da karatu gida, cinikinsu a duniya ya zarce na kwamfutocin Mac.

Wannan nasara ta makarantu ita ce ta dawo da batun kusa da mu ta wata hanya da ba a tsara ba. Makarantun Amurka da Turai suna sauya kwamfutocinsu bayan 'yan shekaru, kuma wani kaso na tsofaffin yana ƙarewa a kasuwannin kayan gwanjo na ƙasashenmu, inda arharsu ke jan hankalin ɗalibai da iyaye. Abubuwa biyu da suka samo asali daga tsarin da aka gwada a Cr-48 suna shafar mai saye kai tsaye. Na farko, tun da kamfanin ne ke turo sabuntawa, shi ne kuma ke yanke ranar da zai daina. Ita kanta Cr-48 an daina sabunta ta a ƙarshen 2015. Kowane samfuri yana da ranar ƙarewarsa, wadda ake lissafawa daga lokacin da samfurin ya fito, ba daga ranar da aka saya ba. Bayan matsin lamba daga masu kare haƙƙin masu saye, Google ya tsawaita wa'adin zuwa shekara goma a watan Satumba na 2023, amma tsofaffin samfura da yawa sun riga sun wuce nasu, kuma burauzar da ba a sabuntawa takan fara gaza buɗe wasu shafuka, ban da haɗarin tsaro. Ana iya ganin wannan rana a cikin saitunan kwamfutar, a sashen bayanin tsarin. Na biyu, kwamfutar da makaranta ta yi wa rajista a ƙarƙashin kulawarta tana nan a ɗaure ko da an goge ta, za ta riƙa neman asusun wannan makaranta har sai jami'inta ya sake ta daga can. Saboda haka mai saye ya nemi a goge ta a gabansa, a haɗa ta da intanet, ya shiga da asusunsa na kansa kafin ya biya kuɗi.

Ga wanda yake da tsohuwar kwamfutar Windows da ta yi nauyi, hanyar filasha da muka bi a 2010 ta zama hanyar da Google da kansa ya tanada. Google ya sayi kamfanin Neverware a watan Disamba na 2020, wanda ya daɗe yana harhaɗa Chromium OS domin tsofaffin kwamfutocin makarantu, ya kuma fitar da aikin da sunan ChromeOS Flex a 2022, kyauta. Ana iya tayar da shi daga filasha a gwada ba tare da an goge komai ba, sai dai ba ya ɗaukar manhajojin Android, kuma ba shi da cikakkiyar tantance tashi irin ta Chromebook, tun da wannan tana buƙatar guntun da aka dasa a jikin na'urar tun daga masana'anta. Gmail da Docs suna aiki yanzu ba tare da intanet ba idan an kunna wannan zaɓi tun da wuri, amma shiga ta farko har yau sai da intanet, kuma sabuntawar da ke sauka a ɓoye kowane 'yan makonni tana cin ɗaruruwan megabait, abin da mai sayen data da kuɗin aljihunsa ya kamata ya sa a lissafi kafin ya goge Windows ɗinsa.